Alhaji Mamman Shata, Mawaƙin Kowa

'Yan'uwana ɗalibai da malamanmu, akwai wata gardama da ba ta ƙarewa a ɗakunan kwananmu, musamman in lokacin zaɓe ya gabato. Gardamar kuwa ita ce, shin ya kamata mawaƙi ya yi wa wannan jam'iyya waƙa bana, baɗi kuma a gan shi a gidan abokan hamayyarta? Waɗansu su ce ai sana'a ce, mai sana'a kuwa ba ya korar mai ciniki. Waɗansu su ce a'a, wanda ya yabi azzalumi ya taya shi zalunci, saboda haka a ƙaurace masa, kada a kira shi biki, kada a saurare shi. Ni dai na ga ya fi kyau, maimakon mu yi ta ja-in-ja, mu dubi rayuwar mutum guda wanda ya shekara kusan hamsin cikin wannan matsala, watau marigayi Alhaji Mamman Shata Katsina. Mu mutanen Dapchi da Gashuwa da Nguru, ko da ya ke yawancinmu Barebari ne da Bade da Fulani, da wuya ka sami wanda ya tashi bai ji kalangun Shata ba, ko a rediyo, ko a rumfar mai shayi, ko cikin motar kasuwa. Saboda haka labarinsa ba baƙo ba ne gare mu.

An haifi Shata a Musawa, ƙasar Katsina, cikin 1923. Sunansa na yanka Muhammadu. Sunan ubansa Ibrahim Yaro, uwarsa kuwa Lariya. Gidansu ba gidan kiɗa ba ne, asalinsu Fulani ne, manoma. Ya yi karatun allo kamar sauran yara, sa'an nan ya taɓa tallan goro da na alewa. Tun yana yaro ya ke waƙa a dandali, don nishaɗi kawai, ba ya karɓar ko anini. Da abin ya fara ƙarfi sai ubansa ya nuna ba ya so, domin a wurin mutanen wancan zamani waƙa roƙo ce, roƙo kuwa ƙasƙanci ne ga wanda bai gaje shi ba. Amma abin da Allah Ya zuba wa mutum a jini ba a kankare shi da faɗa. Shata ya bar Musawa ya zauna Bakori, yana yawon waƙa garuruwan Katsina da Zazzau da Kano. Cikin 1952, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, aka yi babban bikin nan na auren 'ya'yan sarki a Kano, Shata ya yi wasa a wurin, daga nan sunansa ya cika ƙasa. Cikin 1960 ya koma Funtuwa, nan ya kafa gida har ƙarshen ransa.

Kafin mu shiga maganar siyasa, ya kamata mu san wane irin mawaƙi ne shi, don nan ne tushen zancen. A ƙasar Hausa makaɗa iri iri ne. Akwai makaɗan fada, waɗanda kowane ya ke da ubangida guda. Ibrahim Narambaɗa, alal misali, na Sarkin Gobir na Isa ne. Irin wannan makaɗi ba shi da wahalar zaɓe, domin inda ubangidansa ya fuskanta nan shi ma ya ke fuskanta, wanda ubangidansa ya ƙi shi ma ya ƙi shi. Akwai kuma makaɗan sana'a, na noma da na maƙera da na mahauta da na 'yan dambe. Sa'an nan akwai makaɗan jama'a, waɗanda ba wanda ya ɗaure su. Shata cikin waɗannan ya ke. Kalangu ne kayan kiɗansa, da 'yan amshi masu maimaita ɗan gajeren amshi, shi kuwa yana zuba magana nan take yadda ta zo masa. Ya yi wa sarakuna, ya yi wa attajirai, ya yi wa direbobi da 'yan kasuwa da mata, ya yi wa noma, har kumbon nan Apollo 11 da Amurka ta aika wata cikin 1969 bai tsira ba. To, kun ga mutumin da kowa ubangidansa ne, ran da jama'a suka rabu biyu shi ne wanda zai fi kowa shiga tsaka mai wuya.

Rabuwar kuwa ta zo daidai lokacin da tauraronsa ya ke fitowa. Ran 8 ga Agusta, 1950, aka kafa jam'iyyar N.E.P.U. a Kano, wadda daga baya Malam Aminu Kano ya shugabanta. Cikin 1951 kuma Jam'iyyar Mutanen Arewa, watau N.P.C., ta zama jam'iyyar siyasa sosai, sarakuna da ma'aikatan En'e suna bayanta. Waɗannan alamarsu fartanya, waɗancan tauraro. Mu yaran yanzu da wuya mu gane zafin da abin ya yi. Dattawa sun ba mu labari, a garuruwa da yawa ɗan wannan jam'iyya ba ya zuwa sunan ɗan waccan, ba ya cin tuwon bikinsa, wani lokaci har aure ya kan mutu a kan haka. 'Yan N.E.P.U. da yawa sun sha ɗauri a kotunan alkalai. Mu ma nan ƙasar Barno ba mu tsira ba, domin Alhaji Ibrahim Imam ya bar N.P.C. cikin 1954, daga baya ya ja ragamar jam'iyyar samarin Barno wadda ta ƙulla ƙawance da N.E.P.U. Watau dai ƙauracewa ce ta cikin gida, maƙwabci ya ƙaurace wa maƙwabci.

Masu waƙa su ma suka rabu. N.E.P.U. ta sami marubuta waƙoƙi masu kaifin alƙalami, irin su Gambo Hawaja da Mudi Sipikin. Makaɗan fada kuwa, irin su Sarkin Taushin Sarkin Katsina da Musa Ɗanƙwairo, suka bi inda iyayen gidansu su ke, suka wasa N.P.C. da Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello. To, Shata fa? Waɗanda suka bi diddigin tarihinsa sun nuna cewa ra'ayinsa na siyasa ya fi karkata wajen talakawa da masu neman sauyi, alhali kuwa masu yi masa kyautar doki da riga da mota yawancinsu sarakuna ne da attajirai, watau mutanen ɗaya ɓangaren. Bai bar ra'ayinsa don kyautarsu ba, bai kuma rufe musu bakinsa don ra'ayinsa ba. Ya yi wa Sardauna waƙa. Babban ubangidansa kuwa, wanda suka shaƙu har mutuwa, shi ne Sarkin Daura Muhammadu Bashar, wanda kafin ya hau gadon sarauta cikin 1966 minista ne a gwamnatin N.P.C. ta Jihar Arewa.

Sojoji suka karɓi mulki cikin 1966, aka rushe jam'iyyu. Da yaƙin basasa ya tashi cikin 1967, Shata na cikin mawaƙan da suka yi wa sojojin Tarayya waƙoƙin ƙarfafa zuciya, ana sa su a rediyo har aka gama yaƙin cikin Janairu 1970. Wannan shi ma ɗaukar ɓangare ne, bai kuwa ɓoye ba.

Daga baya ma bai tsaya ga waƙa kaɗai ba, ya shiga siyasar da ƙafarsa. Cikin shekarun 1970 ya ci zaɓen kansila a ƙaramar hukumar Kankiya. Da aka dawo mulkin farar hula cikin 1979 ya shiga G.N.P.P., jam'iyyar Alhaji Waziri Ibrahim. Wannan jam'iyya iyayenmu sun san ta sarai, domin ita ta ci Jihar Barno a shekaran nan, Alhaji Muhammadu Goni ya zama Gwamna, lokacin kuwa Dapchi da Gashuwa da Nguru duk cikin Barno su ke, sai 1991 aka yanke Jihar Yobe. Babban kiran Waziri Ibrahim shi ne a yi siyasa ba tare da gaba ba, ina kuwa ganin wannan ya dace da halin mutumin da ke shiga kowane gida da kalangu. Bayan wannan Shata ya koma N.P.N. mai mulkin ƙasa. A zamanin jam'iyyu biyu, S.D.P. da N.R.C., waɗanda gwamnatin Janar Babangida ta kafa cikin 1989, an zaɓe shi shugaban S.D.P. na ƙaramar hukumar Funtuwa. Bai daɗe ba suka saɓa da manyan jam'iyyar na Jihar Katsina, aka tuɓe shi. Mutumin da ya saba faɗin abin da ya ga dama a gaban sarki, da wuya ya iya zaman ɗan amshin wani a taron jam'iyya.

To, ga tarihin. Yanzu sai mu koma ga gardamarmu. Wanda ya ce a ƙaurace wa mawaƙi mai shiga ko'ina, zai ce ai ga shi nan, daga G.N.P.P. zuwa N.P.N. zuwa S.D.P., wannan ba tsayayye ba ne. Kafin mu yanke hukunci, bari in kai ku wata ƙasa inda aka yi ƙauracewa ta gaske a zamanin Shata, don mu sami abin gwadawa.

A Afirka ta Kudu, tun daga 1948, Turawan ƙasar, waɗanda su ne 'yan kaɗan, suka kafa dokar wariyar launin fata. Baƙar fata ba shi da ƙuri'a, ba ya zama unguwa ɗaya da Bature, ba ya shiga gidan wasa ɗaya da shi. Ran 21 ga Maris, 1960, 'yan sanda suka harbe mutum 69 a garin Sharpeville. Masu yaƙi da wannan zalunci suka roƙi duniya ta ƙaurace wa ƙasar, har da mawaƙa da 'yan wasa, kada kowa ya je ya yi wasa can. Cikin Disamba 1980 Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da ƙuduri a kan haka, cikin 1983 kuma ta fara buga sunayen waɗanda suka karya. Abin da zai ba ku sha'awa, a farkon shekarun 1980 shugaban kwamitin Majalisar mai yaƙi da wariya mutumin Kano ne, Alhaji Yusuf Maitama Sule, Ɗanmasanin Kano. Duk da haka waɗansu manyan mawaƙan Amurka da Ingila suka bi kuɗi. An gina wani ƙasaitaccen wurin shaƙatawa mai suna Sun City cikin 1979, ana biyan mawaƙa kuɗi mai yawan gaske su zo. Frank Sinatra ya je cikin 1981. Amfanin zuwansu ga gwamnatin wariya shi ne ta nuna wa duniya wai lafiya lau a ke zaune.

Amma ko a can maganar ba ta zo da sauƙi ba. Cikin 1985 wani mawaƙin Amurka, Paul Simon, ya je Johannesburg. Bai yi wa Turawa wasa ba, ya dai zauna da makaɗa baƙar fata suka ɗauki waƙoƙi tare, faifan ya fito cikin 1986, ya sa duniya ta san makaɗan ƙasar. Aka yi masa ca, aka ce ya karya ƙauracewa, tun da bai nemi yardar masu gwagwarmaya ba. Sai ga Miriam Makeba ta tsaya masa. Ita kuwa ba wanda zai ce ba ta san zafin wariya ba. Gwamnatin ƙasarta ta soke fasfonta cikin 1960, ta hana ta zuwa jana'izar uwarta, ta yi jawabi gaban Majalisar Ɗinkin Duniya cikin 1963, ta yi shekara talatin da ɗoriya tana gudun hijira, ta zo Legas bikin FESTAC cikin 1977. Ita da Hugh Masekela suka bi Paul Simon yawon wasa cikin 1987, har birnin Harare. Ra'ayinsu shi ne an kafa ƙauracewa don a matsa wa azzalumi, bai kamata ta koma ta toshe bakin wanda aka zalunta ba. Waɗansu 'yan gwagwarmaya kuwa suka ce in aka buɗe ƙofa ga mutum ɗaya, gobe mai mugun nufi zai bi ta nan. Kowane ɓangare da hujjarsa, har aka yi zaɓen 1994 wariya ta faɗi.

Abin da na fahimta daga gwada waɗannan labaru biyu shi ne, ba kowace ƙauracewa ce ta ke hawa kan mawaƙi ba. Ta Afirka ta Kudu, waɗanda aka danne su da kansu suka nema, zaluncin kuwa rubuce ya ke cikin doka, kuma waƙar baƙo a Sun City ado ce ga wannan doka. Wanda ya ji wannan kira ya toshe kunne don kuɗi, ba shi da abin faɗi. Amma rigimar jam'iyyu tsakanin 'yan gari ɗaya wani abu ne dabam. Ko da ya ke an yi zalunci a cikinta, kuma bai kamata a manta ba, mutanen nan kasuwarsu ɗaya, maƙabartarsu ɗaya, 'ya'yansu suna auren juna. Jam'iyyun da aka yi gaba dominsu duk sun mutu, N.P.C. da N.E.P.U. cikin 1966, G.N.P.P. da N.P.N. a ƙarshen 1983, S.D.P. cikin 1993. Da Shata ya ɗaure kalangunsa ga ɗaya daga cikinsu, da waƙarsa ta bi ta kabari. Da ya ke bai yi haka ba, sai ya zama a lokacin da maƙwabta ba su gaisawa, akwai abu guda da su ke saurare tare. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne ga zaman lafiyar gari.

Saboda haka ni a ganina, tambayar gidan wa mawaƙi ya shiga ba ta isa ba. Sai a ƙara da tambayar me ya faɗa da ya shiga, kuma me aka yi da waƙar bayan ya fita. In ya yabi mutum da kyautarsa da asalinsa da aikin da ya yi wa jama'a, wannan al'ada ce tun kaka da kakanni. In kuwa ya wanke wanda hannunsa ya ke da jinin mutane, ko ya zuga magoya baya su far wa abokan hamayya, ko ya ƙaga wa wani ƙarya don an biya shi, to, ya fita daga sana'a ya shiga laifi, ko da kuwa bai taɓa sauya jam'iyya ba ko sau ɗaya. Tsayawa wuri guda ba ita ce gaskiya ba, domin akwai mai tsayawa kan ɓarna shekara arba'in.

Kada kuwa ku ɗauka ina wanke Shata ne sarai. In muka auna shi da wannan ma'auni, akwai inda ya yi nauyi, akwai inda ya yi sauƙi. Ya yi wa waɗansu mutane zambo mai zafi, har yau da shi a ke tunawa da su, su kuwa ba su da kalangun da za su rama. Sanin kowa ne a ƙasar Hausa akwai mai yi wa maroƙi kyauta don so, akwai mai yi don tsoron bakinsa, kuma mawaƙin da ya kai ƙarfin Shata ba zai rasa irin na biyun ba. Waƙar da ya yi wa mashaya ta ɓata wa malamai da iyaye rai ƙwarai. Cikin ɗimbin mutanen da ya wasa kuma, ba za a ce kowa ya cancanci yabon da ya samu ba. Waƙoƙin yaƙi su ma abin dubawa ne, domin waƙar da ta ƙarfafa soja a wannan gefe, akwai uwar da ta rasa ɗa a wancan gefe. Mai 'yancin shiga ko'ina, alhakin abin da ya faɗa a ko'ina yana wuyansa shi kaɗai, ba shi da ubangidan da zai ce shi ya sa ni. Makaɗin fada yana iya fakewa da sarki. Shata ba shi da wurin fakewa, kuma ban ga alamar ya nemi wurin ba.

Ya yi yawo ƙasashe da yawa na Afirka ta Yamma, ya je Ingila da Faransa da Amurka. Gwamnatin Tarayya ta ba shi lambar girma ta M.O.N. Cikin 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dakta, watau sana'ar da ubansa ya ƙi don ƙasƙanci ita ce ta sa masa rigar malamai. Tun kafin wannan ma, Malam Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na dakta a Amurka cikin 1975 a kan waƙoƙinsa. Da tsufa ya zo ya yi jinya a Kano da Jidda. Ya rasu a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano ran Jumma'a, 18 ga Yuni, 1999, aka kai shi Daura, garin ubangidansa, aka rufe shi can. Cikin 2006 Malam Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar da babban littafi na tarihinsa, wanda ya kamata kowane mai koyar da Hausa ya nema ya karanta.

Ya 'yan'uwana, dalilin da ya sa na kawo wannan labari cikin mujallarmu shi ne, mu ma da mu ke koyon aikin malanta halinmu ya yi kama da na makaɗin jama'a. Gobe za a tura ɗayanmu wani ƙauye a Bursari ko Bade ko Karasuwa, ya tarar da ɗan shugaban wannan jam'iyya da ɗan shugaban waccan a benci ɗaya. Malam yana da ƙuri'arsa, yana da ra'ayinsa, ba wanda ya hana shi. Amma allon aji na kowa ne. Za a kuma zo ranar da wani mai iko zai nemi malam ya jera yara bakin hanya su yi masa waƙar yabo, ko ya hana su zuwa taron wani. A ranar nan malam zai bukaci ya san bambancin girmama baƙo da zama kayan adon wani, ya kuma san lokacin da ƙin zuwa ya zama wajibi da lokacin da ya zama gaba kawai. Yaran nan kuma su ne za su riƙa jin waƙoƙin siyasa a wayoyinsu. Aikinmu ne mu koya musu su saurari abin da waƙa ta ƙunsa, su tambayi ko gaskiya ne, tun kafin su tambayi jam'iyyar mai ita.

Allah Ya jiƙan Alhaji Mamman Shata, Ya gafarta masa kurakuransa. Mu kuma Allah Ya ba mu ikon riƙe amanar 'ya'yan mutane, amin.